Bakwaini mai ciwon huhu yana tumbuɗi, oksijin ɗinsa yana sauka bayan shan nono: a fara masa omeprazole?

Nas_SCBU

Assalamu alaikum likitoci da 'yan uwa ma'aikatan jinya. Ina neman ƙarin haske kan wata matsala da ke yawan raba kan ma'aikata a ɗakin jarirai.

A ɗauki jariri namiji, bakwaini, da aka haifa a mako 28 da nauyin kilo 1.05. Ya daɗe a kan CPAP, na'urar da ke tura masa iska ta hanci don taimaka wa numfashi. Yanzu makonsa 9 a duniya, wato 37 ke nan idan aka haɗa da na ciki, nauyinsa kilo 1.9, kuma bai rabu da oksijin ba, rabin lita a minti ta robar hanci. Likita ya rubuta masa BPD, ciwon huhun nan na bakwaini mai daɗewa. Abincinsa nonon uwarsa da aka tatsa, ml 40 duk awa 3, wani ta robar ciyarwa da ake zurawa har tumbi, wani ta kofi. Yana kan aminophylline, maganin ɗaukewar numfashi, tun makon farko.

Minti 10 zuwa 20 bayan an ba shi nono sai ya fara miƙa, ya banƙare, fuska ta yi ja, oksijin ɗin jininsa ya sauka zuwa kashi 82 ko 85 cikin 100, wani lokaci bugun zuciya ya yi ƙasa da 100 na 'yan daƙiƙoƙi. Yana tumbuɗi sau huɗu ko biyar a yini, fari, ba jini ba kore. Nauyi yana ƙaruwa amma bai wuce giram 20 a rana ba.

Wasu na cewa a fara omeprazole, mai rage asid ɗin tumbi, da domperidone, maganin amai. Wasu na cewa a kaurara nonon a ɗaga kan gado. Wasu kuma a rage nonon kawai. Wanne ne daidai? Kuma da gaske tumbuɗin ne yake hana huhun warkewa?

Likitan_Jarirai

Wa alaikumus salam Sista. Kada a fara ko ɗaya daga cikin magungunan nan biyu tukuna.

Dawowar nono daga tumbi zuwa maƙoshi abu ne da kowane bakwaini yake yi, sau gommai a yini, yawancinsa ma ba ya kaiwa baki balle a gani. A ƙarshen bututun abinci akwai tsoka kamar zobe da ke tsuke bakin tumbi. Zoben nan lafiyarsa lau, sakin kansa kawai yake yi na ɗan lokaci idan tumbi ya cika ya miƙe, irin sakin da ke ba babba damar yin gyatsa. Ki duba lissafin yaron naki: ml 320 a rana ga kilo 1.9 ya kama ml 168 ga kowane kilo. Da babba ne mai kilo 70, kusan lita 12 ke nan zai sha a yini, yana kwance, ba tauna ba tashi. Dole wani abu ya dawo.

BPD yana ƙara wa abin nauyi. Iska tana maƙalewa a huhu, huhun ya kumbura ya danne tantanin da ya raba ƙirji da ciki, yaro yana jan numfashi da ƙarfi. Duk ja ɗaya kamar zuƙa ce ga abin da ke tumbi. Ga tari, ga kuka, ga iskar da yake haɗiya. Don haka ba musu yana da dawowar nono. Inda ake kuskure shi ne ɗora mata laifin saukar oksijin don kawai sun zo a lokaci kusa da juna.

An gwada wannan da na'ura. A wani bincike a Amurka da aka buga a 2010, an sa wa bakwaini 71 siririyar waya mai gane dawowar abinci a maƙoshi, tare da na'urar numfashi da ta zuciya. Cikin kusan sau 13,000 da numfashi ya ɗauke ko oksijin ya sauka ko bugun zuciya ya ragu, waɗanda dawowar nono ta gabata ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. A 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa banƙarewa, miƙa, ɗaukewar numfashi da saukar oksijin ba su isa hujjar ciwon dawowar asid ga bakwaini ba, kuma magungunansa a taƙaita su matuƙa, in ma za a yi amfani da su.

Akwai kuma maganar asid ɗin kansa. Nono yana kashe kaifin ruwan tumbi na tsawon lokaci bayan an sha. Yaron da ake ba nono duk awa 2 ko 3, mafi yawan yini pH ɗin tumbinsa, wato ma'aunin asid, yana sama da 4, alamar asid ɗin ba shi da kaifi. Abin da ke dawowa minti 15 bayan ciyarwa nono ne kusan zalla. Omeprazole yana rage asid, ba ya rage yawan dawowar ko sau ɗaya. To me zai gyara a nan?

Abin da ya fi yiwuwa ga yaron nan: ml 40 a tashi ɗaya, wato ml 21 ga kowane kilo, ya cika tumbi ya tura tantanin ƙirji sama, ɗan wurin da ya rage wa huhu ya ƙara matsewa. Ko kuma nonon kofi yana ɗan zarcewa hanyar iska. Kafin a rubuta komai, a yi masa takarda ta awa 48. A rubuta lokacin da aka fara ciyarwa da lokacin da aka gama, ta roba ko ta kofi, yadda yake kwance, lokacin da oksijin ya sauka, nawa ya kai, daƙiƙa nawa ya ɗauka, da kansa ya dawo ko sai da aka taɓa shi, an ga nono a baki ko ba a gani ba. Takardar nan ita za ta nuna hanya. Idan saukar tana zuwa ana cikin ba shi kofi, haɗiya ce. Idan cikin rabin awa ne bayan roba, yawa ne ko sauri. Idan ba ruwanta da lokacin nono, a koma kan huhu da jini.

A cikin kwana biyun nan kuma a duba PCV, wato awon yawan jini, domin mako 8 zuwa 10 lokacin ƙarancin jinin bakwaini ne. A leƙa hanci: oksijin busasshe yana sa majina ta ƙafe ta toshe, balle da hunturu, ga robar ciyarwa ta cinye ƙofa ɗaya. A tabbatar zafin jiki yana tsakanin 36.5 da 37.5. A dubi oksijin ɗinsa yana barci. Mai BPD a wannan mataki ana so ya zauna 92 zuwa 95. Wanda aka bari yana lilo a 89 da 90 don ana gaggawar yaye shi daga oksijin, nono kaɗan zai kai shi 82. Sau da yawa ɗan ƙarin iska lokacin ciyarwa da rabin awa bayanta shi ne duk maganin.

Sai aminophylline. Yana sassauta zoben bakin tumbi, yana ƙara asid, yana sa amai da saurin bugun zuciya, kuma tazarar da ke tsakanin awon da ke magani da wanda ke cutarwa 'yar kaɗan ce. A mako 37 ya kamata likitansa ya sake tambayar ko har yanzu yana buƙatarsa. In yana buƙata, caffeine citrate ya fi, mg 5 zuwa 10 ga kowane kilo sau ɗaya a rana. In an tsayar, a ci gaba da sa ido da na'ura na kwana 5 zuwa 7.

Abubuwan da ba tumbuɗi ba ne, kuma ba a jira da su: amai kore ko da sau ɗaya ne, domin murɗewar hanji ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Amai mai feshi da ke ƙaruwa kullum, yaro yana gamawa yana neman ƙari, a duba toshewar mafitar tumbi. Ciki ya kumbura yana sheƙi, ko jini a kashi. Maɗiga ta taso ko kai yana girma fiye da kima, musamman ga wanda ya taɓa zubar jini a ƙwaƙwalwa. Kuma a buɗe kunzugu a duba matsematsi, domin ƙaba tana yawa ga bakwaini maza masu BPD, in ta maƙale da amai take fara nuna kanta.

Mai_Haɗa_Magunguna

Dakta ya gama magana kan dalili, ni zan tsaya kan magungunan, domin garin neman gira ake rasa ido a nan.

Asid ɗin tumbi shi ne mai gadin farko da ke kashe ƙwayoyin cutar da yaro yake haɗiya. A ɗakin jarirai kuwa, ta roba da hannuwa da kofi, ba ƙananan ƙwayoyi yake haɗiya ba. Wani bincike na Italiya da aka buga a 2012 ya bi jarirai 274 masu nauyi ƙasa da kilo 1.5. Waɗanda aka ba ranitidine, wani maganin rage asid, kashi 37 cikin 100 sun kamu da cutar ƙwayoyi, waɗanda ba a ba su ba kashi 10 ne, kuma ruɓewar hanji, wadda ake kira NEC, ta ninka fiye da sau shida. Ita ranitidine hukumar magunguna ta Amurka ta sa a janye ta daga kasuwa a 2020 saboda gurɓacewa da sinadarin NDMA, amma famotidine da cimetidine dangi ɗaya ne da ita wajen wannan haɗarin na hanji.

Su omeprazole ma an gwada su. A 2009 an raba jarirai 162 kashi biyu, rabi lansoprazole, ɗan'uwan omeprazole, rabi maganin da ba komai a cikinsa. Kashi 54 cikin 100 ne suka samu sauƙi a kowane ɓangare, daidai wa daida, sai dai masu lansoprazole sun fi kamuwa da ciwon ƙirji mai tsanani. Ga yaron da huhunsa ne matsalarsa tun farko, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma abin da ma'aikatan jinya za su fara gani: da zarar an fara maganin, takardar pH da ake tabbatar da zaman roba da ita ta daina amfani, domin ruwan tumbi ba zai ƙara nuna asid ba.

Domperidone yana jinkirta wutar zuciya, abin da ake gani a ECG a matsayin tsawaitar QT, kuma haɗarin yana ƙaruwa idan yaro yana kan fluconazole ko erythromycin, ko furosemide ya zubar masa da potassium. Ingila ta daina amincewa da shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 12 tun 2019. Metoclopramide hukumar magunguna ta Turai ta hana shi ga 'yan ƙasa da shekara ɗaya a 2013. Yana sa wuya ya murɗe, baya ya banƙare, idanu su kafe sama, wato ainihin alamun da aka ba da shi dominsu, sai a ɗauka ciwon ne ya ƙaru a ƙara awo. Erythromycin da wasu ke bayarwa don tumbi ya yi saurin saukewa yana da alaƙa da toshewar mafitar tumbi, musamman a makonni biyun farko na rayuwa.

Kaurara nono ma ba mafita ba ce. A 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wani abin kaurara nono mai suna SimplyThick bayan bakwaini da aka ba shi sun kamu da NEC, wasu sun rasu. Garin shinkafa ko na jarirai na gwangwani ba ya ma kaurara nonon uwa, domin nonon yana da sinadarin da ke narkar da sitaci, cikin mintuna ya koma ruwa, wanda bai narke ba ya toshe roba. Gaviscon na jarirai yana ɗauke da gishirin sodium, yana iya dunƙulewa a tumbi, kuma masu yin sa da kansu sun rubuta ba na bakwaini ba ne.

Yaushe omeprazole yake da wuri? Idan akwai alamar asid ya ƙona maƙoshi: jini ja ko baƙi-baƙi a tumbuɗi bayan an kawar da rauni na roba da tsagewar kan nonon uwa, ko gwajin waya ya nuna asid da yawa a daidai lokacin alamun. A nan awon farawa mg 0.7 ne ga kowane kilo sau ɗaya a rana, kamar rabin awa kafin nono. Ga kilo 1.9, mg 1.3 ke nan. Kada a fasa kafso a daka ƙwayoyin ciki, domin rigarsu ce ke kare maganin daga asid, kuma in an zuba su haka nan za su toshe roba mai lamba 5 ko 6. A ɗakin magani ake narkar da mg 20 a ml 10 na sodium bicarbonate mai kashi 8.4, ya ba da mg 2 a kowane ml, a ajiye a firji, a girgiza kafin a ɗiba. Kuma ranar da aka rubuta shi a rubuta ranar tsayarwa. In mako biyu sun wuce abin da ake rubutawa a takardar lura ta saukar oksijin bai canja ba, a daina. Kada ya wuce mako 4 zuwa 8 ba a sake zama a kansa ba.

Wani abu da ake mantawa: maganin ƙarin jini, bitamin da sodium na ruwa suna da kauri ƙwarai, suna jan ruwa zuwa tumbi. In aka haɗa su duka da ƙarfe 9 na safe aka tura a tumbi wayam, yaro zai yi amai. A rarraba su a ciyarwa daban-daban, kowanne a gauraya shi cikin nono.

Matron_Jarirai

Sannunku da ƙoƙari. Sista, mafi yawan gyaran nan a hannunmu yake, ba a takardar likita ba.

Ki fara da robar. Ana aunawa daga kan hanci zuwa leɓen kunne, daga nan zuwa tsakiyar tazarar da ke tsakanin ƙahon zuciya da cibiya. Tsohon awon da ke tsayawa a ƙahon zuciya yana barin roba ta yi gajarta, ƙofofin gefenta su tsaya a maƙoshi, sai ya zama mu ne muke zuba masa nono a inda muke cewa yana dawowa. Yaron da aka auna wa roba yana kilo 1.3 ya girma ya bar wannan awon, don haka a sake aunawa duk mako, a sa alama da filasta, a dubi alamar kafin kowace ciyarwa. Tabbatarwa da takardar pH ake yi, 5.5 ko ƙasa, ɗigo biyu sun isa. Tura iska a saurara da abin sauraron ƙirji ba hujja ba ce, ƙarar tana jiyuwa ko da robar tana hanyar iska. Lamba 5 ko 6 ta ishe shi. Lamba 8 tana ƙara buɗe bakin tumbi, ta masu CPAP ce don fitar da iska. Kuma yaro mai lafiyayyen ciki ba a zuƙe tumbinsa kaf kafin kowace ciyarwa, wannan yana ƙuje bangon tumbi ne a banza.

Sai sauri. A cire abin turawa na sirinji, a bar nono ya gangara da kansa, sirinji ya ɗara yaro da kamar taƙi ɗaya. In ml 40 ya shige cikin minti 5, an ɗaga da yawa. Ana so ya ɗauki minti 20 zuwa 30. Ga wannan yaron shawarata a bar jimillar yini yadda take a raba ta 12: ml 27 duk awa 2. In bai wadatar ba kuma akwai famfon sirinji, a ba shi cikin awa ɗaya, sannan awa ɗaya da rabi. Amma a kula, kitsen nono yana tasowa sama kuma yana mannewa a jikin doguwar roba. A kafa sirinji bakinsa yana kallon sama don kitsen ya fara fita, a yi amfani da mafi gajartar roba, kada nono ya wuce awa 4 a rataye. In ba haka ba tumbuɗi zai ragu, nauyi ma ya tsaya.

Masu cewa a rage nono su yi wannan lissafin. Nonon uwa yana da kamar kalori 67 a ml 100. A ml 168 ga kilo, yaron yana samun 113. In aka sauke zuwa 150 ya koma 100, alhali mai BPD yana buƙatar 120 zuwa 150, domin numfashi kaɗai yana cinye masa da yawa. Giram 20 a rana ya yi kaɗan, kusan 30 ake nema. Ragewa tana halatta ne kawai idan an ƙarfafa nonon da garin ƙari na bakwaini ya kai kalori 80. Inda babu garin, in uwa tana tatsar fiye da abin da yake sha, ta tatsi na minti 2 zuwa 3 na farko a wani kofi, ta ba shi na baya mai kauri. Wannan kitse yake ƙarawa, ba ya ƙara furotin ko sinadaran ƙashi, don haka tallafi ne kawai. Ta riƙa tatsa sau 8 a yini, har da dare.

Duk abin da za a yi masa, canjin kunzugu, awo, zuƙe majina, a yi kafin nono. In dole a canja bayan ya sha, a mirgina shi gefe, kada a ɗaga ƙafafu sama a naɗe masa ciki. A sassauta kunzugun, yatsa biyu su shiga.

Kofi kuwa, nan ne nake zargin matsalar take. Ba a ba yaro ta baki in numfashinsa ya haura 60 a minti, ko yana barci. A naɗe shi, a zaunar da shi a jingine, bakin kofi a kan leɓen ƙasa, a karkata har nono ya taɓa leɓe, a tsaya nan. Shi zai lasa ya kurɓa. Da zarar an zuba, an koma ɗura. Sau da yawa bakwaini ba ya tari in ya ƙware, shiru yake yi: numfashi ya tsaya, idanu su kawo ruwa, ya ware yatsu, goshi ya tattare, bayan nan ki ji numfashin yana ƙarar ruwa a maƙogwaro. In an ga haka a tsaya, a ƙarasa ta roba. Minti 20 ya isa, abin da ya wuce haka ƙarfinsa yake ci.

Ɗaga kan gado ba ya rage dawowar nono, yaro zamewa yake ya dunƙule a ƙasa, ciki ya matse, haɓa ta sauka kan ƙirji. Kwanciyar gefen hagu da ta rub da ciki suna ragewa, gefen dama yana ƙarawa, amma wannan na yaron da ke jone da na'ura ne ana kallonsa. Abin da ya fi duka shi ne ƙirjin uwarsa, fata da fata, a tsaye tsakanin nonuwa, a ba shi ta roba yana nan, ya zauna aƙalla rabin awa bayan an gama. Zanin ɗaurin ya kama shi daga ƙasan kunne zuwa baya, kada ƙullin ya faɗo kan cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2022 ta ce awa 8 zuwa 24 a yini, kuma robar oksijin ba ta hanawa.

Likitan_Huhu

Na yarda da duk abin da aka faɗa kan magani. Sai dai Sista ta yi tambaya ta biyu, ko tumbuɗi yana hana huhu warkewa, kuma ba na so a tashi da cewa babu ruwansa sam. An auna pepsin, sinadarin da tumbi kaɗai ke yi, a majinar hanyar iskar bakwaini da ke kan injin numfashi, aka same shi a sama da kashi 90 cikin 100 na samfuran, kuma ya fi yawa ga waɗanda suka ƙare da BPD. Wato abin tumbi yana kaiwa huhu kaɗan-kaɗan. Abin lura shi ne nono da pepsin da ruwan matsarmama duk suna ƙona huhu ko babu asid, don haka wannan ma ba hujjar omeprazole ba ce.

Wanda nake damuwa da shi shi ne yaron da buƙatarsa ta oksijin take hawa mako bayan mako tun da aka fara ba shi ta baki, ko hoton ƙirji yana maimaita tabo a saman huhun dama, ko yana shaƙewar murya da ƙugi bayan nono. Gwaji mafi sauƙi: a dakatar da kofi na kwana 5 zuwa 7, komai ta roba a hankali, ya riƙa tsotsar nonon da aka riga aka tatse don kada ya manta tsotso. In oksijin ya daidaita, daga sama nonon yake shiga, lokaci da haƙuri ne maganinsa. Hoton barium na tumbi don ganin murɗewa ko toshewa ake yinsa, ganin nono ya dawo a cikinsa ba ya tabbatar da komai.

Wuce da roba zuwa hanji, bayan mafitar tumbi, ba abin gaggawa ba ne. A Filadelfiya an gwada shi ga jarirai 15 masu BPD mai tsanani, ana sauya musu tsakanin tumbi da hanji, aka buga a 2020, kuma saukar oksijin ta ɗan ƙaru ne da ciyarwar hanji. In za a yi, sai da famfo a hankali ba tsayawa, ba a taɓa zuba ml 27 a tashi ɗaya cikin hanji, a tabbatar da zaman robar da hoto, a kuma sa ranar da za a yanke hukunci. Tiyatar Nissen ta naɗe bakin tumbi ita ce ta ƙarshe, tana barin yaro da kumburin iska da yunƙurin amai, kuma ɗinkin yana iya warwarewa.

Yaron da ke kan oksijin a mako 36 zuwa sama ya cancanci hoton zuciya na eko. Hawan jinin jijiyoyin huhu yana ɓoyewa a bayan irin wannan saukar oksijin, kuma shi ne yake kisa in ba a gano ba. In uwa tana ƙara masa madarar gwangwani kuma ana ganin ɗigon jini a kashi ko ƙuraje, a yi tunanin rashin jituwa da furotin ɗin madarar shanu, a cire ta na mako 2 zuwa 4 a gani.

Nas_SCBU

Allah ya saka da alheri, na gamsu. Saura ɗaya, Hajiya Matron: in an zo sallama yana ɗan tumbuɗinsa, me za a jaddada wa uwa da kakanni? A nan ne shawarwari suke yawa.

Matron_Jarirai

A zaunar da uwa da kaka tare, da uban in zai samu, domin abin da aka gaya wa mai jego ita kaɗai ba ya aiki a gida.

Mako ɗaya ko biyu kafin sallama a mayar da shi kwanciyar rigingine a ɗakin, su gani da idonsu. A gida ma haka: rigingine, shimfiɗa mai tauri a miƙe, ba matashi, ba tsumma a naɗe a gefe, cikin gidan sauro. Za su ce zai shaƙe da tumbuɗi. A nuna musu a jikinsu: in mutum yana rigingine, hanyar iska ce a sama, ta abinci a ƙasa, abin da ya dawo ƙasa yake taruwa ya sake haɗiye shi. Rub da ciki ne ke juya lamarin, kuma bakwaini sun fi kowa haɗarin mutuwar barci a wannan kwanciyar.

Beli ba shi ne yake sa tumbuɗi ba. A faɗa musu ƙarara kada a kai shi wurin wanzami, domin jini kaɗan in ya zuba ko ya gangara hanyar iska ya ishi yaro mai kilo 2 da raunin huhu. Ba zuma, ba jiƙo, ba ruwan dabino, ba maganin kumburin ciki na kanti, ba koko don wai ya zauna masa a ciki. Ɗura kuwa ko da nono ce, a'a.

Hayaƙi shi ne babban abokin gabarsa: turaren wuta, garwashin ɗakin jego, maganin sauro na kunnawa, itacen girki, janareta a bakin taga, sigari. Hayaƙi yana sa tari, tari yana turo nono. In yana kan oksijin a gida, wuta kowace iri ba ta shiga ɗakin. 'Yan barka su gaisa daga ƙofa, mai mura kada ya shigo, mai ɗauka ya wanke hannu. Goyon baya a jinkirta shi, a ci gaba da ɗaukarsa a ƙirji inda ake ganin fuskarsa. Rigakafi da ranar haihuwarsa ta gaskiya ake lissafawa, ba a jira ya yi ƙiba.

In ya ƙware, a kifa shi a kan hannu kai ya ɗan yi ƙasa, a share baki da tsumma mai tsabta, kada a cusa yatsa maƙogwaro. A dawo asibiti a take in leɓe ya canja launi, numfashi ya ɗauke ko haƙarƙari yana lotsawa, amai ya zama kore ko da jini, ya ƙi nono sau biyu a jere, ko matsematsi ya kumbura ya yi tauri.

A gaya musu tun yanzu cewa tumbuɗin zai ƙaru kafin ya ragu. Yakan kai ƙololuwa wajen wata 4, kuma tara cikin goma suna dainawa kafin shekara. Amma lissafin daga ranar da ya kamata a haife shi ne, don haka wanda ya zo a mako 28 wata uku ake cire masa: ƙololuwarsa sai wajen wata 7 da haihuwa. A riƙa kawo shi awo duk mako a kan sikeli ɗaya, tsirara, kafin ya sha nono, a rubuta a katinsa tare da zagayen kai.